Na Rufa wa Ƙanena Asiri, Aka Karya Hannun Mai Ga-Ruwa

A shekarun da abin nan ya faru, ni tela ne a unguwar Harobanda ta birnin Yamai, ina da shago a bakin hanya, ina haya a gidan da ke bayansa tare da matata da ƴaƴana. Daga wani ƙauye na wajen Konni na zo Yamai tun ina saurayi, na koyi Zabarmanci a bakin masu kawo ɗinki, na zauna da mutane lafiya har suka manta ni baƙo ne. Idan an yi suna ana aiko mini goro, idan an yi rasuwa da ni ake zuwa maƙabarta, idan miji da mata sun saɓa a layinmu, sau da yawa a bencin ƙofar shagona ake sasanta su. Ina jin daɗin wannan girman fiye da yadda nake nunawa, kuma shi ne ya kai ni ya baro ni. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku ina girgiza kai, kamar ni ba ni da nawa. Yau na ce bari in rubuto. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye.

Wata shekara sata ta addabi kartiyenmu, wato unguwarmu. Yau a ce an ɗauke moto, wato babur, a zaure, gobe a ce an sauke batirin sola, jibi mace ta tashi ɗora sanwa ta tarar babu butalin gaz. Har ragon da wani dattijo ya yi wata da watanni yana kiwo don layya aka kwance aka bar masa igiya. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci, aka yi shawarar kafa kwamitin sintiri. Samarin da ke zaman fada, wato majalisar hira, suna shan shayi su ne za su riƙa zagaye da fitila da usur, magidanta kuma su riƙa duba su. Da aka zo zaɓen shugaba, wani ya ce ai tela ne kullum yana bakin hanya, ya san mai shiga ya san mai fita, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na yi ɗan ƙi na al'ada, sannan na karɓa. Da bakina na kafa dokar farko a ranar, na ce duk wanda aka kama ba a dukansa, komisariya za a kai shi wurin ƴan sanda, mu masu gadi ne, hukunci na hukuma ne. Aka yi ta sa mini albarka.

Mun fara aiki da ƙarfinmu. Kowace yamma bayan magariba samarin kan taru a shagona in raba musu layukan da za su bi. Sata ta ɗan lafa, sai kuma ta dawo da wani salo da ya ɗaure wa kowa kai. Idan muka tsare gabas, yamma ake shiga. Idan muka ce yau ta bakin gudron, wato titin kwalta, za mu fi ba ƙarfi, sai a wayi gari an yi ɓarna a lungun bayan masallaci. Mutane suka fara cewa ɓarawon nan ba daga nesa yake zuwa ba, akwai ɗan gida da ke nuna masa ƙofa. Kowa ya shiga kallon maƙwabcinsa da gefen ido.

A lokacin ƙanena yana wurina. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne autanmu, kuma tsohuwarmu ce ta aiko mini shi daga ƙauye ta ce in koya masa sana'a ko ya natsu. Ba yaro ba ne, ya isa aure. Ɗinkin bai shiga ransa ba, amma yana da fara'a da iya magana, samarin fada duk abokansa ne. Idan ina raba layuka yana nan zaune a kan keken ɗinki yana wasa da almakashi. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Na ga yana canza salula, na ga sababbin takalma, na tambaya sau ɗaya ya ce wani abokinsa mai kabu-kabu ne ke ba shi moto yana ɗan yin aiki da ita, na karɓa don ina son in karɓa.

Akwai kuma wani mutum da dole in gabatar muku da shi. Mai ga-ruwa ne, dattijo mai ɗan furfura a gemu, daga wani ƙauyen Tawa ya zo. Layinmu famfo ba ya kawo ruwa sosai, don haka shi ke turo kurar ruwa cike da bido, wato jarkoki, yana zuba wa gidaje. Ba shi da surutu, Zabarmancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Da yake ni da shi harshenmu ɗaya, idan rana ta take yakan jingine kurarsa a inuwar shagona, ya yi alwala da butata, ya yi azahar a tabarmata, mu ɗan taɓa hirar damina da farashin hatsi a gida. Maigida yake ce mini, ni kuma in ce masa Baba. Matata takan zuba masa abinci idan ya kai ruwa ya tarar an sauke.

Abin ya zo kaina ne ranar da aka shiga gidan wata maƙwabciyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da keken ɗinki take ciyar da su, tana ɗinka kayan yara da zanen gado. Ta tafi gaisuwar rasuwa da rana tsaka, ta dawo ta tarar an kwance kan keken an bar mata teburin. Ta zo shagona tana kuka, tana cewa ni ne shugaba, ni ne kuma na san darajar abin da aka ɗauke mata. Na rantse mata cewa in Allah ya yarda sai mun gano shi. Bayan ƴan kwanaki na shiga ɗakin ƙanena neman wani yadin da na ba shi ajiya, na ja buhun da ke bayan katifa, na ji nauyi. Da na buɗe, kan keke ne. Ban buƙaci kowa ya gaya mini na wane ne ba, domin ni na sha gyara mata shi, na san tabon da ke jikinsa kamar yadda na san tafin hannuna.

Na kira shi na rufe ƙofa. Da farko ya ce ajiya aka ba shi. Da na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi masa ba, sai ya durƙusa ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya. Akwai wasu samari daga wata unguwa, shi ke gaya musu inda ƴan sintiri za su bi, su kuma su ba shi rabonsa. Kan keken kuwa shi da kansa ya ɗauko, don ya ga matar ta fita. Ya kama ƙafata yana cewa in tuna da tsohuwa, hawan jini gare ta, idan ta ji autanta yana gidan kaso ba za ta kai labari ba. Gaskiya na tuna da tsohuwa. Amma zan yi ƙarya idan na ce ita kaɗai na tuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar masallaci, da yadda za a ce ashe shugaban sintiri a gidansa ɓarawo ke kwana. Na ɗauki kan keken na kai shago na tura shi ƙarƙashin tebur cikin tsofaffin kawunan da ke jiran gyara, inda ba wanda zai yi mamakin ganin ƙarfe irinsa. Na ce wa kaina zan san dabarar mayar mata da shi idan ƙura ta lafa.

Ƙura ba ta lafa ba. Satar kayan marayu ta harzuƙa mutane, aka kira taron kwamiti. Ana cikin magana wani saurayi ya ce shi fa akwai wanda yake zargi, ya ce wa ke shiga kowane gida har tsakar gida ba a tambayarsa, wa ya san inda kowa ke ajiye gaz da inda ake ɗaure rago, wa ya san matar da ta fita da wadda ke nan. Bai gama ba wasu suka ce mai ga-ruwa. Liman ya ce a yi hattara, zato zunubi ne. Sai mai unguwa ya juyo gare ni, ya ce ai mutumin a shagona yake hutawa, ni na fi kowa saninsa, me zan ce a kansa. Kowa ya zuba mini ido. Da na ce na san shi, mutumin kirki ne, da maganar ta mutu a nan, domin a lokacin bakina yana da nauyi. Amma na ga idan zargi ya tashi daga kansa zai ci gaba da yawo har ya sauka a ƙofata. Na sunkuyar da kai na ce, “Allah shi ne masani. Ni dai ban taɓa kama shi da komai ba, amma mutum ba a shaidarsa.” Na ga yadda samarin suka kalli juna. Na san abin da na yi tun kafin in rufe baki.

An tashi a kan cewa za a kira shi a yi masa tambayoyi gaban mai unguwa. Ba a kai ga haka ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina shago ina sauya riga, na ji usur da ihu daga bakin layi. Na fita da gudu. Samarin sun tare shi yana turo ruwa, sun ce ya faɗi inda ya kai kan keke, shi kuma yana ta rantsuwa cewa bai ɗauki komai ba. Kafin in isa an kifar da kurar, ruwa ya malale a ƙasa, jama'ar da ke dawowa daga salla ta taru, waɗanda ba su san mafarin zancen ba su ma sun sa hannu. Yana ƙasa yana kare kansa da hannu, sai ya hango ni. Ya ɗaga murya ya ce, “Maigida! Ga Maigida nan, ku tambaye shi! Maigida, gaya musu ko ni wane ne!” Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ku bari, ku bari, a kai shi komisariya, da wata murya da ni kaina ban ji ta sosai ba. Ban ce ba shi ba ne. Wani ya sauke masa icce a hannun da yake karewa da shi, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Liman ne ya kutsa ya kwanta a kansa, sannan aka ja da baya.

Ƴan sanda sun zo sun tafi da shi, aka kai shi likita aka ɗaure hannun. Sun bincika ɗan ɗakin da yake kwana, ba su sami komai ba sai tabarma da ƙullin kayansa, suka sake shi. Da suka tambayi waɗanda suka yi dukan, unguwa duka ta ce taro ne, ba a gane kowa ba, ni ma haka na ce. Bai sake dawowa layinmu ba, ko kurarsa bai zo ɗauka ba. A makon nan na sa ƙanena a mota na mayar da shi ƙauye, na ce wa mutane tsohuwa ce ba ta da lafiya. Da tafiyarsa sata ta tsaya cak. Wannan ya tabbatar wa kowa cewa mai ga-ruwa ne ɓarawon. Har waɗanda suka ji tausayinsa suka ce ashe dai da gaskiyar samari. Aka riƙa tsayawa a shagona ana yi mini barka, ana cewa kwamitinmu ya zama abin koyi, daga wata unguwa ma aka aiko a tambaye ni yadda muka tsara namu. Na zauna na ba su shawarwari.

Abin da ya fi ci mini rai a watannin da suka biyo baya shi ne maƙwabciyar nan. Da ta rasa abin yi, na ce ta riƙa zuwa shagona tana ɗinki da keke ɗaya idan ba a aiki da shi. Takan zo da hantsi ta zauna tana ɗinki, ƙafarta ba ta fi taku ɗaya ba daga inda kan kekenta yake kwance cikin buhu. Kullum idan za ta tafi sai ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya rufa mini asiri yadda na rufa wa marayu. Na kasa mayar mata da abinta, domin duk dabarar da na ƙulla sai in ga za ta jawo tambaya. Abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta lura, ta tambaye ni har ta gaji. Wata rana tana shara a shago ta ga buhun, ta buɗe, ta gane kan keken, ta rufe, ta shigo gida ta same ni. Ta ce ita dai ta san hannun da ya zuba mata ruwa shekara da shekaru bai taɓa ɗaukar ko cokalinta ba, kuma tana tsoron ranar da za a tambaye mu.

Bayan fiye da shekara, na je Tondibia, can bayan gari, kai wa wani mai lambu kayan sallar iyalinsa. Muna tsaye a bakin lambun kusa da kogi, na hango wani mutum yana tsinke ciyawa tsakanin albasa da hannu ɗaya, ɗayan a lanƙwashe a jikin ƙirjinsa. Shi ne. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni. Ya taso ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙashin bai haɗu daidai ba, ba ya iya tura kura, mai lambun ne ya taimaka masa da wannan ɗan aikin. Na ce masa Baba, akwai maganar da nake ɗauke da ita. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da aka yi satar ya kawo ruwa gidana, ya ga ƙanena ya shigo da buhu a kafaɗa yana waige-waige, da ya ji abin da ya ɓata kuma ya gane. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, ko a gaban ƴan sanda. Ya ce ya ci abincin gidana, ya yi salla a tabarmata, ba shi zai tona gidan ba, ya ɗauka ni babba ne zan gyara abina da kaina. Ya ce ko da yana ƙasa ana dukansa bai yi shakka ba cewa ina isowa magana ta ƙare.

Na durƙusa a cikin lakar lambun nan ina kuka kamar ƙaramin yaro, na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya ce hannu na Allah ne, ya karɓi abinsa. Amma labari ya kai ƙauyensu cewa an kama shi da sata a Yamai, ƴaƴansa suna jin ana faɗa a bakin rijiya, shi ya sa ya kasa komawa gida. Ya ce, “Maigida, a gaban mutane aka ɓata sunana. Idan da gaske kake, a gaban mutane za ka wanke shi.” Ya koma bakin aikinsa ya bar ni a nan.

Ko bayan wannan sai da na yi makonni ina ja da baya, kada ku ɗauka nan take na zama jarumi. Ranar da na iya, bayan sallar la'asar na roƙi liman ya tsayar da jama'a, na ɗauko buhun na ajiye a gabansu, na faɗi komai tun daga farko. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai unguwa ya ce in ajiye shugabancin, na ajiye. Samarin da suka yi dukan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata ta aiko aka ɗaukar mata kan kekenta, tun daga ranar kuma idan mun haɗu takan amsa sallama ta wuce. Masu kawo mini ɗinki da yawa sun canza tela. Na je komisariya na ba da bayani, aka nemi ƙanena, amma ya riga ya tsallaka iyaka, har yau ba mu da cikakken labarinsa. Tsohuwar da na ce ina karewa ta ji komai, ta ce da na gaya mata tun farko da ita da kanta za ta ce a kai shi, ko ya shiryu. Liman da mai unguwa sun je Tondibia sun ba dattijon haƙuri da sunan unguwa, aka kuma aika wa mai garinsu da saƙon cewa mutuminsu ba ɓarawo ba ne. An roƙe shi ya dawo, ya ce ya gode. Na ji daga baya ya koma gida wurin iyalinsa.

Ban rubuto wannan don in ce sintirin unguwa ba shi da amfani ba. Namu yana nan har yanzu a hannun wani, kuma yana hana ɓarna. Amma ina roƙon duk wanda aka ba irin wannan amana ya fara duba cikin gidansa kafin ya haska fitila a gidan wani. Idan zargi ya tashi, ku lura da wanda yake sauka a kansa, domin kusan kullum baƙo ne, talaka, wanda ba shi da dangin da za su tsaya masa. Kada ku bar samari masu zafin jini su zama masu kamawa kuma masu hukunci, wanda kuka kama ku miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa. Wanda kuma ɗan'uwansa ya yi laifi, ya sani rufa masa asiri da hakkin wani ba zumunci ba ne, ni na yi, ban tsira da ƙanen ba, ban tsira da mutuncin ba. Ban ɗaga sanda a kan mutumin nan ba, ban ce shi ɓarawo ne ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Yanzu na san cikin duk waɗanda suka taru a kansa ranar nan ni na fi kowa laifi, domin su zato suke yi, ni kuwa na sani. Ku taya ni roƙon Allah ya sa ya yafe mini kafin ɗayanmu ya bar duniya.